Gonar Baba ta Cikin Talabijin

Mastura ba za ta ce ta tsani ƙanwarta Sadiyya ba, ai nono ɗaya suka sha. Amma in ana son gaskiya, da an idar da sallar la'asar, mahaifinsu Malam Haladu ya gyara zama gaban talabijin ya ce, "Ke, kunna min gonar nan," sai ta ji wani abu ya tokare mata ƙirji. Kishi ne, ba wani suna gare shi ba, ita ma ta sani.

Ga yadda abin ya faro. A Karantina aka haife su, nan kudancin Jidda, inda kakansu ya yada zango bayan ya zo aikin hajji bai koma ba. Malam Haladu kafinta ne, amma ba da katako aka san shi ba, da tattabaru aka san shi. Saman gidansu ya cika da akurki, in ya saki garken da yamma har 'yan lungu na gaba sai sun ɗaga kai. Da rusau ya zo unguwar aka shafa wa bangonsu jan fenti, alamar za a rushe gidan, a daidai lokacin tsohon yana kwance a asibiti da ciwon suga. Gidan hayar da suka samu a Mahjar ɗaki biyu ne a hawa na biyu, mutum ma da ƙyar, balle tsuntsu. Sadiyya, da yake ita ba ta da jira, ta kira wani mai sayen tsuntsaye ya kwashe su kaf.

Ranar da aka sallamo shi ya ji labari, tsohon bai yi faɗa ba. Kallonta kawai ya yi ya ce, "Wallahi tallahi ba zan ƙara yi miki magana ba." Malam Haladu kuwa in ya rantse ya rantse, ko limami ba ya tanƙwara shi. Ba a jima ba mijin Sadiyya, Abduljalil, ya samu aiki a Dammam, suka tattara suka tafi, uba bai ce mata ko Allah ya kiyaye hanya ba.

Aka bar Mastura da tsoho. Mijinta ya rasu da daɗewa, ba ta da ɗa, ɗinkin abaya take yi a gida tana kai wa masu shago a Balad, tsohon garin Jidda. Ita ce allurar suga, ita ce wankin ƙafa, ita ce bin layin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ita ce girkin da ba gishiri ba mai. Kuma ita ce 'yar fari. Malam Haladu mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari, tun da aka haife ta bai taɓa kama sunanta ba, bai taɓa zama ya yi hira da ita ba. "Ke" ne sunanta a bakinsa. Sadiyya kuwa auta ce, a kafaɗarsa ta girma. Don haka da rantsuwar nan ta faɗo, Mastura ta yi jimami a fili kamar kowa, a zuci kuwa ta ce to, yanzu dai ni kaɗai na rage masa, ko ba jima ko ba daɗe zai waiwayo.

Ina! Abduljalil ne ya ɓata mata lissafi. Ya zo Jidda wani aiki, ya shigo gaida suruki da wani ɗan abu kamar kwalin ashana, ya soka a bayan talabijin, ya ɗora wa tsohon abin dannawa a cinya. Sai ga gona ta bayyana: kunyoyi, rijiya, itatuwa, da wani ɗan mutum mai hula yana tsaye. Can gefe kuma ga ɗakin tattabaru.

"Wasa ne, Baba," in ji Abduljalil. "Ba a cikin talabijin ɗin yake ba, yana can cikin injinan kamfani, hotonsa kawai suke turo mana ta intanet. Kai ne mai hular nan. Ka shuka, ka yi ban ruwa, ka ba tsuntsaye hatsi."

Tsohon ya taɓe baki ya ce aikin yara. Bai rufe baki ba sai ga wata 'yar mace mai jan mayafi ta shigo gonar da bokiti, ta wuce kai tsaye ta zuba wa tattabarun ruwa, ta dawo ta tsaya gefen mai hula. Ba wanda ya gaya masa ko wace ce. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi surukinsa, "Abin nan yana da murya?"

"Na kashe muryar, Baba. Ba magana, ba rubutu."

"To," in ji Malam Haladu. "Ni a kan magana na rantse. Ban rantse a kan ban ruwa ba."

Shi ke nan, tun daga ranar gidan ya koma gidan gona. Mutumin da hannunsa ke rawa har ba ya iya riƙe kofin shayi, sai ga shi ya kwantar da abin dannawa a cinya yana sarrafa shi da manyan yatsu kamar a ciki aka haife shi. Auta na Dammam, shi yana Mahjar, suna shuka tumatir tare. In ya makara ya tarar ta cire masa ciyawa. In ita ta makara ya tara mata ƙwai a bakin ƙofa. Wata rana ta tura shi cikin rijiya da gangan, tsohon ya yi dariya har da tari, har Mastura ta fito da gudu daga ɗakin ɗinki ta zaci shaƙewa ya yi.

"Lafiya, Baba?"

"Ja'irar yarinyar nan ce," ya ce yana share hawaye, bai ko dube ta ba. "Matsa, kin tare min."

Ta matsa. Ta koma kan keke ta yi ta taka shi har zare ya tsinke. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ita da ke yanke masa farce, ba ta taɓa jin wannan dariyar a kanta ba. Wadda ta sayar masa da tsuntsaye na gaske, ta tafi ta bar shi, ita ce ta dawo da na ƙarya ta kwashe ladan. Abin da ya fi ci mata rai, ita ce mai kunna abin. In intanet ya yi rauni hoton ya daskare, ita ake kira: "Ke, zo ki duba, Auta ta tsaya cak." Sai ta zo ta tsuguna ta gyara musu, ta koma.

Ta taɓa gwadawa, kada a ce ba ta gwada ba. Wata yamma ta jawo kujera ta ce ita ma a koya mata. Ya miƙa mata abin ba musu, ta danna nan ta danna can, mai hula ya bi ta kan kunya ya tattake shukar. Tsohon ya karɓe abinsa a hankali ya ce, "Bar shi, ke kina da aiki." Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

Ana nan, fiye da shekara, sai wata rana suna kunnawa wani rubutu ya rufe gonar. Malam Haladu idonsa ba ya ɗaukar ƙananan baƙaƙe, ya ce ta karanta masa. Ta karanta da Larabci, ta sake karantawa don ta tabbatar. Kamfanin ya ce yana godiya, kasuwa ba ta yi ba, ƙarshen wata zai rufe, duk abin da mutum ya gina a ciki zai tafi tare da shi.

"Ya'ani me?" in ji tsohon.

"Ya'ani halas, an gama ke nan, Baba. Za su kashe injinan."

"To a sauke mana gonar mu ajiye a nan."

"Ba ta saukuwa. Ai ba a wurinmu take ba, tana wurinsu."

Ya shafa gemu. "Ashe nan ma haya muke," ya ce. "Nan ma sun shafa mana jan fenti."

Mastura ta sunkuyar da kai kamar mai jimami, alhali zuciyarta fari ƙal. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ranar har waƙa ta tsinci kanta tana yi a kicin, ta yi maza ta yi istigfari, ta kuma ci gaba da waƙarta.

Washegari Sadiyya ta kira ta a waya, muryarta duk ta dushe.

"Yaya, kin ga abin da suka rubuta? Abduljalil ya ce akwai wani kamfanin, suna da wasa mai kama da wannan, babu tattabaru dai amma akwai gona. Zai turo miki yadda ake shiga, ke dai ki saka wa Baba kafin a rufe wannan. Don Allah, Yaya."

"Talabijin ɗinmu tsoho ne, ba lalle ya ɗauka ba."

"Zai ɗauka, ya duba."

"To intanet ɗin fa? Kin san Mahjar. Kuma ni ɗinkin salla ya taso min, ba ni da lokacin zama danne-danne."

"Yaya, wannan ce kaɗai hanyar da nake ganinsa."

"Ni da nake ganinsa kullum me na samu?" Maganar ta kuɓuce mata kafin ta kama ta. Mastura ta gyara murya ta ce, "Zan duba, in sha Allahu," irin in sha Allahun da kowa ya san ma'anarsa.

Abduljalil ya turo bayanin, bai fi a yi shi ana jiran shayi ya tafasa ba. Ta buɗe, ta karanta, ta rufe. Da tsohon ya tambaye ta ko babu wata dabara, ta ce ana dubawa. Da Sadiyya ta sake kira, ta ce Baba ya ce shi ya gaji da wasan yara. Ƙarya biyu, kowace ta aika ta inda za ta zauna, tunda masu ita ba sa magana balle su haɗa baki su gano.

Yammar ƙarshe uba da 'ya ba su shuka komai ba. Mai hula da mai jan mayafi suka buɗe ɗakin tattabarun suka sake su, suka zauna bakin rijiya gefe da gefe. Mastura na tsaye a ƙofar kicin da ludayi tana kallon ƙeyar mahaifinta. Da aka kira magariba ya ajiye abin dannawa ya ce ta kama shi ya yi alwala. Washegari da ta kunna, allon baƙi ne da 'yar gajeriyar godiya.

To, fage ya zama nata. Mastura ta ɗaura ɗamara. Ta rage karɓar ɗinki, da la'asar ta yi sai ta kawo shayi ta zauna kusa da shi ta ɗauko hira: labarin 'yan Karantina da suka watsu, wa ya koma Makka, wa ya koma Sudan, wa ya aurar da 'ya. Ya ce "uhm". Ta ɗauko labarin masu shagon Balad da rowarsu. Ya ce "Allah ya kyauta". Idonsa na kan baƙin allon, manyan yatsunsa na motsi a kan cinya babu komai a ƙarƙashinsu. Abinci ma ya fara rage shi, tuwon da yake cinyewa sai ya gutsiri gefe ya ture.

Sai ta yi abin da take ganin zai gama magana. Ta hau tasi har kasuwar tsuntsaye, ta zaɓo tattabaru biyu farare masu gashi a ƙafa, irin waɗanda ya fi so, da kejinsu. Ta hawo da su bene tana haki, ta ajiye a gabansa. Fuskar tsohon ta washe, rabon da ta ga haka tun kafin a rufe gonar. Ya sa hannu ya kamo ɗaya, ya buɗe fiffiken, ya hura gashin wuyan, ya jinjina kai.

"Masu kyau ne," ya ce. "Auta ce ta aiko?"

Mastura ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. "Ni na sayo, Baba."

"To, to. Allah ya yi albarka." Ya mayar da tsuntsuwar cikin keji ya rufe. "Ki kai su taga, su sha iska."

Ta kai su taga. Ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada ya ji, ta yi kukanta mai isarta. Ba tausayin kanta kaɗai ba ne, har da haushi: mutum yana Dammam, bai aiko ba, bai kira ba, bai san ma an yi ba, amma shi ake gode wa.

Bayan kwanaki, ranar wata Alhamis da hantsi, ta gama yi masa allura tana tattara kaya sai ya ce, "Ke, zauna." Bai taɓa ce mata ta zauna ba sai yau. Ta zauna a bakin tabarma, ta ce a ranta yau dai Allah ya kawo ranar.

"Gobe Juma'a," ya ce. "Ina so ki dafa abinci na mutum goma. Shinkafa da kaza, mai kyau, irin wadda kike yi da salla. Ki kai wa miskinai."

"Sadaka ce, Baba?"

"Kaffara ce. Zan karya rantsuwata."

Ta ɗago ta dube shi.

"Da gonar nan tana nan," ya ci gaba, "da na mutu da rantsuwata ban karya ba, don ina ganin yarinyar, ina sanin lafiyarta. In ta yi fushi na sani, ba ta cire ciyawa. In ta ji daɗi na sani. Yanzu an rufe, kin ce ana dubawa, har yau kuma babu wata dabara. To ni ba zan iya ba. Tsufa ya zo, ban san saura nawa ba."

Garin gyaran gira an rasa ido. Mastura ta ga abin da ta yi wa kanta ƙarara. Da ta saka musu wancan wasan, da Sadiyya ta ci gaba da zama 'yar tsana mai jan mayafi wadda ba ta da baki. Ita da hannunta ta toshe ƙaramar ƙofa, ga shi tsoho zai fasa bango.

"Baba," ta ce da sauri, "ai akwai wani kamfanin. Abduljalil ya turo, yanzu ma zan iya saka maka."

Ya dube ta, kallon da ya fi na kullum tsawo. Bai tambaye ta tun yaushe aka turo ba, ita ma ba ta faɗa ba.

"A'a," ya ce. "Na gama da haya."

"To ko azumi uku za ka yi? Ai shi ma kaffara ne."

"Da sugan nawa? Kuma azumi na wanda ba shi da halin ciyarwa ne. Muna da hali."

"To in sayo a gidan abinci, su ƙulla goma."

"Da hannunki nake so. Naki ya fi albarka."

Wannan ce yabo mafi girma da ta taɓa ji daga bakinsa, kuma a kan hidimar Auta ya zo. Ta tashi ta ci gaba da tattara kayan allurar.

Ta dafa. Kuma don Allah ta dafa da kyau, don Mastura ko tana fushi ba ta iya ɓata girki. Ta soya albasa har ta yi ja, ta zuba kayan ƙamshi, ta gasa kajin, gidan ya ɗauki ƙamshi har maƙwabta na leƙowa. Ta ƙulla goma, ta hau tasi zuwa Balad ana sakkowa daga masallaci, ta bi lungunan da ta san tsofaffi da masu shara suna fakewa daga rana. Wata tsohuwa Bahaushiya da ke zaune gindin wani tsohon gini ta karɓa da hannu biyu, ta riƙe mata yatsu.

"Na mene ne, 'yata?"

"Kaffarar mahaifina ce, Inna. Zai yi magana da 'yarsa."

"Allahu akbar. Allah ya haɗa kansu, ya ƙara musu ƙauna, kada ya sake raba su."

Mastura ta ce amin, don ba yadda za ta yi.

Da ta dawo ta tarar ya sa farar jallabiyarsa, ya saka hula, ya shafa turare, sai ka ce mai zuwa ɗaurin aure. Ya tambaye ta ko goman sun cika, ta ce sun cika. Ya ce to ta kira, irin kiran da ake ganin fuska. Ta danna lambar ta miƙa masa, wayar ta yi ta rawa a hannunsa har ta kusa faɗuwa.

"Riƙe min," ya ce.

Ta durƙusa a gabansa ta riƙe wayar daidai fuskarsa. Ita bayan wayar kawai take gani, da fuskar mahaifinta. Ta ji an ɗauka, ta ji muryar Sadiyya tana cewa, "Yaya? Lafiya?"

"Sadiyya," in ji Malam Haladu. "Halimatus Sadiyya. Autata. Kin rame."

Kuka ya ɓarke a Dammam. Tsohon ya yi ta rarrashi, yana dariya yana hawaye, ya ce ta bar zancen tsuntsaye, ya wuce, da bai wuce ba ma ai rusau zai ci su. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ya tuna mata ranar da ta tura shi rijiya, ya ce yana binta bashin wannan. Maganar shekaru ta ɓalle masa kamar an buɗe famfo, Hausa na ƙarewa ya kama Larabci, Larabci na ƙarewa ya dawo Hausa. Mastura ba ta taɓa sanin akwai magana mai yawa haka a cikin mahaifinta ba.

Gwiwoyinta suka yi tsami a kan tayil. Kafaɗarta ta ɗauki zafi, ta sauya hannu, wancan ma ya gaji. Albasa na nan a yatsunta, idonta ya cika har fuskarsa ta dushe mata, hannun ya fara sauka a hankali ba ta sani ba.

"Ke," in ji tsohon, bai ɗauke ido daga wayar ba, "ɗaga hannunki mana, ba na ganinta."

Ta ɗaga.